Awa Huɗu Zuwa, Ashirin da Biyu Dawowa

Zuwa ga surukata, matar Dogo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya ƙarfin jiki, yaya kuma baƙon da ya sauka? Ni lafiyata lau, in ban da ƙafar hagu da take kumbura idan na daɗe a zaune, da kunnen nan da injinan kamfanin ƙusa suka cinye tun ba yau ba.

Wasiƙarki ta iso ranar Litinin. A bakin gidan waya na buɗe ta, ban iya jira in kai gida ba. Da na kai layin da kika ce namiji ne, an kuma sa masa sunana, sai na zauna a kan matakala, mutane suna raɓawa ta gefena. Mai gadi ya zo yana motsa baki, ina jin tambaya yake ko rasuwa aka yi. Na ce masa a'a, ɓarawo aka haifa, ya fara da sace mini suna.

Na duba hoton da tabarau, na duba babu tabarau. Goshin na marigayiya ne, kakarsa. Kunnuwan nawa ne, Allah ya sa nasa su yi aiki.

Ki lura, wannan rubutun hannuna ne. Shekara biyu ke nan ina zuwa ajin yamma na manya, a makarantar yara bayan sun tashi. Mu goma sha ɗaya ne, muna cusa gwiwoyinmu a ƙarƙashin teburin 'yan aji ɗaya. Kusa da ni wani tsohon direba yake zama, wanda ya san komai ban da harafin da aka tambaye shi. Malama ta hana mu gogewa. Ta ce wanda ya yi kuskure ya ja layi ɗaya a kai, ya rubuta daidai a gaba, don a ga inda ya fito. Idan kin ga layuka da yawa, dokarta ce. Abin da ya kai ni ajin kuwa, waya ba ta da amfani a wurina, kuma na gaji da zuba wa maƙwabci cikina yana rubutawa.

Yanzu ga maganar. Shekara tara rabona da mijinki, ke kuwa a hoto kawai na san ki. Ban taɓa tambaya ba, yau zan tambaya. Daga filin jirginmu zuwa naku, awa nawa ne? Ba kilomita nake so ba, an taɓa gaya mini su, dubbai ne, ba su zauna a kaina ba. Awa nake so. Dalili shi ne, tun da jini ya daskare mini a jijiyar ƙafa bara, likita ya kafa mini doka: kada in zauna wuri ɗaya fiye da awa biyar, a mota ko a jirgi, don gudan jinin yana iya tashi ya toshe numfashi. Idan tafiyar ba ta wuce biyar ba, ina so in zo in ɗauki takwarana da hannuna, ko sau ɗaya ne.

Ki gai da mijinki. Ba sai ya rubuto ba, na san ba ya rubutu.

Surukinki,
Baba

*

Zuwa ga Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da ladabi, ina yi maka sannu da ƙafa. Mu duka lafiya. Ɓarawon sunanka yana ci yana barci, kuma yana dunƙule hannu kamar wanda ya san akwai mai zuwa ƙwatar kayansa.

Baba, rubutunka ya fi nawa kyau. Na ƙirga layukan da ka ja, bakwai ne kawai. Ɗanka ya dawo daga ma'ajiyar sanyi inda yake aiki, ko takalmi bai cire ba ya karanta wasiƙar a tsaye a bakin taga. Sau biyu ya karanta. Ya ninke ta ya sa a aljihun rigar aikinsa, har yau ban ƙara ganinta ba.

Da ikonmu ne, mu za mu kawo maka yaron har ɗaki. Amma takardun zamanmu suna hannun hukuma shekara huɗu ke nan. Dokar ita ce duk wanda ya fita ƙasar kafin a ba shi amsa, an soke nasa, ba zai sake shigowa ba. Kullum cewa suke a jira. Shi ma yaron a cikin jiran aka haife shi.

Game da tambayarka, Baba, bakina ba zai iya ba ka amsa yadda ya kamata ba. Na je ofishin masu sayar da tikiti, sun buga mini takardar tafiyar, zuwa da dawowa, ga ta nan a cikin ambulan. Ba tikiti ba ce, bayani ne kawai. Don Allah ka kai wa likita ya duba da idonsa. Abin da ya ce, shi ke nan.

Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana.

'Yarka

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku ku uku, babba da ƙarami da mai ɗawainiya da su. Ƙafa da sauƙi, yau ko duba ta ban yi ba.

Awa huɗu ne.

Na san kin sani, amma bari in gaya miki yadda na gano, don ni kaɗai na yi lissafin, ko Malama ban nuna wa ba. Da harshen da ban iya ba aka buga takardar, amma lamba lamba ce a ko'ina. A layin sama akwai hoton ƙaramin jirgi hancinsa sama, kusa da shi an sa 09:00. A gabansa wani jirgin hancinsa ƙasa, an sa 13:00. Mun yi irin wannan agogon a aji, na san sha uku ƙarfe ɗaya ne na rana. Kwanan watan kuma ɗaya ne. Na ƙirga da yatsu, na ƙirga da biro, na jera ƙusoshi a kan tabarma na ƙirga. Huɗu. Zuwa gidan ƙanwata a motar haya ya fi haka.

Washegari na tafi asibiti. Layi har bakin ƙofa, likita yana rubutu ko ɗagowa ba ya yi. Na ce, “Likita, awa huɗu a jirgi fa?” Ya san kunnena, sai ya rubuta mini a takarda: “Huɗu babu laifi. Ka sa safar roba, ka riƙa miƙewa.” Takardarku tana aljihuna, amma ban ga dalilin ɓata masa lokaci ba tunda na riga na yi masa aikin.

Sai layin ƙasa, na dawowa. Tashi 15:00, sauka 13:00, amma kwanan wata ya canja, washegari ne. Awa ashirin da biyu ke nan. Kwana biyu ina juya abin a raina. Na kai wa direba kafin Malama ta shigo. Ya riƙe takardar a kife, na juya masa. Ya sa baki a kunnena ya ce, “Kai matsalarka ba ka taɓa riƙe sitiyari ba. Zuwa gangara ce, dawowa hawa. Na sha sauka dutse a minti ashirin, in hau shi a awa biyu. Balle jirgin da ya ɗauko akwatunan 'yan tsaraba.” Wannan karon na yarda da shi.

Za ki ce to yaya zan dawo, tunda ashirin da biyu ta fi biyar. 'Yata, ba sai na dawo ba. Ku ba ni lungu da tabarma. Ba ni da yawan ci, kuma kukan yaro ba zai taɓa damuna ba.

Ga abin da nake so ki karanta wa mijinki, a zaune. Shekara shida ke nan tun rasuwar mahaifiyarsa ina riƙe da shi a zuciya. Wata huɗu ta yi a kwance tana duban ƙofa. Na ce yaron da ya tafi a yini ɗaya, me zai hana shi dawowa a yini ɗaya? Ashe hanyar ba ɗaya ba ce. Ashe wurin nan naku kamar katako yake ga ƙusa, shiga bugu ɗaya, fita sai an sha wuya. Ban sani ba, rashin karatu ne. Dogo, na yafe maka. Da biro na rubuta.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Na ɗauki hoton fasfo, mai hoton ya ce in rufe baki, na kasa. Kullum bayan na karya ina jan kujera gaban bango, gwiwa tana taɓa shi, in zauna da agogo a hannu. Jiya na yi awa uku da rabi. Na kuma fara haɗa wa abokina keken koyon tafiya, na katako, mai taya uku. Da noti nake ɗaure shi ba ƙusa ba, don ya kwance ya shiga jaka. Ni zan riƙe masa ranar da zai fara turawa.

Ku aiko takardar gayyata.

Baba

*

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fata lafiya ce ta sa shiru. Ni dai ga ni, ƙafar tana yi tana bari.

Wata biyar ke nan. Duk Litinin da Alhamis ina gidan waya, har mai gadi ya daina motsa baki, kai kawai yake girgiza mini daga nesa. Na ce ko wasiƙata ce ta ɓace. Na ce ko yaron ne ba lafiya kuke ɓoye mini. Na ce ko maganar lungu da tabarma ce ta yi muku nauyi. Idan ita ce, ki faɗa, ba zan ji haushi ba. An ce ɗakunan can ƙanana ne.

Fasfo ya fito. Keken ya gama haɗuwa, na goge shi sumul babu inda zai soki hannu, na shafa masa shuɗin fenti. Keken ɗinkin marigayiya na ba 'yar ƙanwata, tantabaruna na ba maƙwabci har da akurkinsu. Ɗakin ya yi fili, murya tana dawowa, ko ni ina jin alamarta.

A aji sun sa mini suna Matuƙi. Ina shiga direba zai miƙe ya sara mini, ya ce, “Ranka ya daɗe, yau ma jirgin bai samu mai ba?” Ina dariya tare da su.

A zaman kujera na kai awa huɗu da kwata. Na ƙara kwatar saboda ko za a yi jinkirin sauka.

Layi ɗaya ya ishe ni.

Baba

*

Baba,

Ni ne, Dogo. Ina gaishe ka. Yaya ƙafa? Yaron lafiyarsa lau, uwarsa ma haka. Babu abin da ya ɓace, wasiƙunka duka biyu sun zo.

Ba awa huɗu ba ne, Baba. Sha uku ne.

Agogonmu yana bayan naku da awa tara. Lokacin da kake sallar azahar, mu asuba muke tashi. Masu tikiti suna rubuta tashi da agogon inda aka tashi, sauka kuma da agogon inda aka sauka. Shi ya sa zuwa ya yi gajere a takarda, dawowa ya yi tsawo. A cikin jirgin kuwa zaman ɗaya ne, awa sha uku, yawancinsa a kan teku. Na tambayi masu tikiti ko za a iya yanka tafiyar gunduwa-gunduwa. Sun ce duk ta inda aka bi, tsallaken ruwan kaɗai ya fi awa takwas. Lissafinka daidai ne, takardar ce ba ta faɗi abin da take nufi ba.

Kada ka ga laifin surukarka. Tun wasiƙarka ta farko ta san amsar, nauyin bakinta ya hana ta, ta aiko takarda don likita ya faɗa a madadinta. Da amsarka ta zo, ta karanta mini a zaune kamar yadda ka ce. Daga nan muka yi ta jayayya har wata biyar. Ita tana cewa a gaya maka gaskiyar sha uku, amma a bar maka ashirin da biyun, tunda ta kawo sulhu. Ni na kasa cewa e, na kasa cewa a'a. Sai da ka rubuto cewa ka ba da keken ɗinkin Inna, sannan na ɗauki biro.

Baba, babu hawa, babu gangara. Hanyar dawowa ba ta fi ta zuwa tsawo ba. Lokacin da Inna take kwance takarduna lafiyarsu lau, da na so da na zo na koma. Sabon aiki na samu, ina ta cewa wata mai zuwa. Da aka ce ta rasu, sai kunyar idonka ta riƙe ni, ina cewa baɗi, har takardun suka ƙare ƙofa ta rufe. Ka yafe mini a kan lissafin da ba haka yake ba. Na yi wata biyar da yafiyar a aljihuna, ba tawa ba ce. Ga ta nan na dawo maka da ita.

Lungu da tabarma ba su yi mana nauyi ba. Da gadonmu za mu ba ka.

Abu na ƙarshe, gara ka ji daga gare ni. Yaron ya yi saurin ƙafa. Ranar Asabar ya saki kujera ya yi taku uku zuwa wurin uwarsa.

Na ci gaba da zuwa ofishin takardu. Sun ce a jira.

Ɗanka

*

Dogo,

Wa alaikumus salam, ko da yake ka manta sallama. Ina gaishe ka, ina gai da 'yata, ina gai da mai taku uku. Ƙafa ta kumbura har gwiwa, likita ya ƙara mini ƙwaya ɗaya. Ashe rubutunka irin na mahaifiyarka ne a lissafin ɗinki, yana kwantawa dama.

Na kai wa Malama takardar, abin da ya kamata in yi tun farko. Ta aika aka samo ƙwallon yara, ta kunna tocila, ta sa direba ya riƙe. Ta diga alli a nan, ta diga a can, tana juya ƙwallon a hankali. Na ga haske ya bar ɗigona kafin ya kai naka. Direba ya ce shi dama ya san haka, gwada ni yake yi. Babu wanda ya yi dariya. Tun ranar bai ƙara sara mini ba, ni kuwa da ya ci gaba da na fi so.

Da na koma gida na haɗa huɗu da ashirin da biyu, na raba biyu. Sha uku. Ashe amsar tana cikin takardar tun ranar farko, ni ne na karanta rabi na tashi da gudu.

Na koma wurin likita, wannan karon na ajiye masa takardar a kan tebur. Ya ɗago ya dube ni. Bai rubuta komai ba, ni ma ban ce ya rubuta ba.

Na mayar da kujera wurinta. Fasfo yana cikin akwati tare da katin aji. Tantabaru biyu sun gudo daga gidan maƙwabci sun dawo, suna kwana a inda akurkin yake a da. Keken katako na kwance shi na sa a jaka, sannan na sake haɗa shi, don ɗakin ya yi fili da yawa. Yana bakin ƙofa, a kansa nake rataya hula.

Yanzu maganar abin da ka dawo mini da shi. Na ɗauko kwafin wasiƙar, don sai na rubuta a littafin aji kafin in kwafe a takarda. Na karanta wurin sau da yawa. Ba zan ɓoye maka ba, kwana uku ban so ganin hotonka ba. Wata huɗun nan ni na zauna a bakin gadonta, ni nake ce mata jirgi ne bai samu ba. A rana ta huɗu na ɗauki biro na yi yadda aka koya mana. Na ja layi a kan ashirin da biyu. Na ja a kan gangara da hawa, na ja a kan katako da ƙusa. Da na zo kan kalmomi ukun nan na yafiya, na nemi kuskure a cikinsu ban samu ba. Malama ba ta yarda a ja layi a kan abin da yake daidai. Suna nan yadda suke. Ka mayar aljihu.

Ba na jin zan ɗauki yaron nan, Dogo. Su masu cewa a jira ba su san shekaruna ba, ƙafar kuma ba ta san su ba. Ka daina rubuta mini baɗi. Ka rubuto mini abin da ya yi yau: me ya fasa, wa ya ciza, wace kalma ya fara. Ka riƙa sallama.

Wani lissafi na yi, shi ma ni kaɗai. Tunda kuna bayanmu da awa tara, ranar da ƙanwata za ta kira ka ta ce Baba ya cika da ƙarfe huɗu na yamma, ka dubi agogonka. Za ka ga bakwai na safe. A wurinku huɗun ba ta yi ba, da sauran awa tara ina nan. Kada ka tafi aiki ranar. Ka ɗauki takwarana ka ɗora shi a gwiwarka ta hagu, ka riƙe shi yadda da zan riƙe shi, har huɗu ta yi.

Na nuna wa Malama. Ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce wannan ma kuskure ne. Ta miƙo mini biro. Na ce mata na ji, a bar shi haka.

Mahaifinka